Malam Aminu Kano: Ɗan Kwalejin Gwamnati Da Ya Buɗe Makaranta A Gidansa

An haifi Malam Aminu a birnin Kano a shekarar 1920, a gidan malamai. Mahaifinsa Malam Yusufu masanin shari'a ne, a gida kuma yaron ya fara karatun Alkur'ani. Daga nan aka sa shi elementare ta Shahuci, ya shiga Midil ta Kano, sa'an nan ya wuce Kwalejin Kaduna.

Wannan kwaleji ita ce ta Katsina ta dā, wadda aka mayar da ita Kaduna a 1938, daga baya aka kai ta Zariya, inda ta zama Barewa. A wancan zamani babu wata makaranta a Arewa da ta kai ta daraja. Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk 'ya'yanta ne, haka ma Alhaji Shehu Shagari. Tsofaffin ɗalibanta sun riƙe zumunci ƙwarai, kuma su ne suka cika ofisoshin En'e da na Gwamnati.

To, amma ƙofarta ƙunƙuntacciya ce. Yara kaɗan ake ɗauka kowace shekara, maza zalla, da yawansu 'ya'yan sarakuna da ma'aikatan En'e. Malam Aminu ya sha daga wannan rijiya, bai kuwa manta da waɗanda aka bari da ƙishirwa ba.

Da ya gama a 1942 sai aka tura shi koyarwa Midil ta Bauci. Can ya zauna tare da Tafawa Ɓalewa, ya kuma shaƙu da Malam Sa'adu Zungur. A 1946 ya tafi Landan ƙaro ilmin koyarwa. Bayan ya komo ya kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa, aka kuma ba shi shugabancin makarantar horon malamai ta Maru a ƙasar Sakkwato. A 1950 ya ajiye aikin ya koma Kano, ya shiga jam'iyyar NEPU, wadda ya zama shugabanta a 1953.

A wannan lokaci ne ya buɗe makarantar Islamiyya a gidansa. Ba ta En'e ba ce, ba ta Gwamnati ba ce, ta jama'a ce. Ana koyar da Alkur'ani da Larabci da addini aji-aji, har da lissafi, kuma 'yan mata na shiga kamar yadda maza ke shiga. Iyayen da ke tsoron boko sun sami wurin da hankalinsu ya kwanta. Magoya bayan NEPU suka buɗe irinta a wasu garuruwa. Hukumomin En'e kuwa suka ɗauke su sheƙar 'yan adawa, aka matsa musu lamba har da yawa suka rufe. Abin mamaki, daga baya Gwamnatin Jihar Arewa da kanta ta rungumi tsarin Islamiyya.

Duk da haka Malam bai taɓa juya wa makarantar Gwamnati baya ba. Ra'ayinsa shi ne ilmi haƙƙin talaka ne a kan hukuma, namiji da mace. Makarantar gida ta zo ne don toshe giɓi, ba don hukuma ta sauke nauyinta ba.

Zumuncin kwaleji kuma bai rufe masa baki ba. A 1959 aka zaɓe shi Majalisar Wakilai a Ikko, lokacin abokinsa na Bauci yana Firayim Minista, jam'iyyunsu daban. Ya yi kwamishina a gwamnatin Janar Gowon, wani ɗan Barewa. A 1979 ya tsaya takarar shugaban ƙasa a PRP, ya kara da Shagari. Makaranta ɗaya, hanya daban-daban, ba tare da an zubar da mutunci ba.

Allah ya yi masa rasuwa ran 17 ga Afrilu, 1983. Gidansa na Gwammaja, wato Mambayya, ya zama cibiyar nazari ta Jami'ar Bayero.

'Yan Arewa mazauna Sabo a Badun, da Agege da Idi-Araba a Ikko, sun san wannan ja-in-ja: wani ya ce a kai yaro makarantar Gwamnati, wani ya ce ta kuɗi, wani ya ce Islamiyyar unguwa ta isa. Rayuwar Malam ta nuna abin tambaya ba sunan makaranta ba ne. Abin tambaya shi ne, ɗan wa aka bari a waje? Allah ya jiƙansa, amin.