Sarkin Musulmi Bello, mai ribaɗi a Magarya da Wurno

Ɗan'uwa manomi, idan aikin fadama ya cinye jikinka har tashi sallar Asuba ya zama nauyi, zuciya ma ta yi sanyi da addu'a, to ka tuna da Muhammadu Bello ɗan Shehu, wanda kabarinsa ke nan Wurno.

Ya gaji mahaifinsa a 1817. Ko hawayen rashin bai bushe ba sai tawaye ya tashi, har da na Abdussalami a Kware, almajirin Shehu da kansa. Wannan ciwo ya fi na takobi. Shekara ashirin ya yi yana fama da Gobirawa da Kabawa, ya bar daɗin birnin Sakkwato ya zauna ribaɗi a Magarya, daga baya Wurno.

Ina ya samo ƙarfi? Bai saki wuridinsa na Ƙadiriyya ba, bai ajiye alƙalami ba, har kan magani ya yi rubutu. Masu tarihi sun ce ba ya cin kuɗin baitulmali, daga guminsa yake ci, kamar kai.

A 1836 ya ci yaƙin Gawakuke. Shekarar da ta biyo baya ya rasu a Wurno. Allah ya jiƙansa.