Labarin Alhaji Aliyu Namangi, Makaho Mai Waƙoƙin Imfiraji

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa malamai da fatake, duk wanda ya saba zama kasuwar Kankiya, ko ya bi hanyar Kusada ran Jumma'a, ya taɓa jin makaho da ɗan jagoransa suna rera Imfiraji. Da yawa muna ba da sadaka mu wuce, ba mu tambayi wanda ya tsara baitocin ba. To, shi ma makaho ne.

An haifi Malam Aliyu a ƙauyen Namangi, cikin ƙasar Zazzau, a shekarar 1894. Tun yana ƙanƙane Allah ya karɓi ganinsa. A wancan zamani agana da ƙyanda sun makantar da yara masu yawa a ƙasar Hausa, ba a kuwa rabu da agana a duniya ba sai 1980. Abin da aka saba tanadar wa irin wannan yaro shi ne sanda da ƙoƙo. Shi Aliyu sai aka kai shi gaban malam.

Nan fa ya kamata mu tsaya. Karatunmu na allo ne da tawada: yaro ya rubuta, ya biya, ya wanke. Wanda ba ya gani ba shi da rabo a cikin babbaƙu da farfaru. Amma makarantar allo tana da wata ƙofa, ita ce kunne. Malam yana biyawa da ƙarfi, almajirai suna maimaitawa da ƙarfi, safe da dare a bakin wuta, har mai ido ma yawancin haddarsa ta kunne take shiga. Ta wannan ƙofa Malam Aliyu ya shiga, ya sami Alƙur'ani, ya ci gaba da sauraron littattafai a zaurukan malaman Zariya. Ni na taɓa samun almajiri makaho a tsangayata. Saboda shi na riƙa maimaita aya sau uku a hankali, sai na ga masu idon ma tilawarsu ta fi ta da ƙarfi.

Ba sabon abu ba ne a Musulunci. Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda Suratu Abasa ta sauka saboda shi, makaho ne, ya yi ladanci a Madina. Imamu Shaɗibi, wanda ya rasu a Alƙahira a shekarar 590 ta Hijira, makaho ne, kuma baitocinsa 1173 su ne ginshiƙin masu ilmin ƙira'a har yau.

Malam Aliyu ya zauna a birnin Zariya, ya tsara waƙoƙinsa a ka, ya faɗa, masu ido suka rubuta. Sunan Imfiraji Larabci ne, ma'anarsa yayewar ƙunci. Ya ɗora su a kan karin Ramal, ɗango biyar biyar, ya cika su da yabon Annabi da tsoratarwa kan mutuwa da kabari da hisabi, da faɗakarwa kan halayen mutanen zamani. Hausarsa mai sauƙi ce, tsohuwa a cikin gida tana fahimta, malami kuma ya ga ayoyi da hadisai a ƙarƙashinta. Bai rasa raha ba kuwa, Waƙar Keke ta isa shaida.

Aka buga Imfiraji a Zariya, aka sa ta cikin karatun makarantun boko. Amma a ganina waɗanda suka fi yaɗa ta su ne 'yan'uwansa makafi, da suka haddace ta suka kai ta kasuwa kasuwa, ta zame musu hanyar abinci.

Rubutun makafi na taɓawa da yatsa, wanda Louis Braille na Faransa ya ƙago, bai riske shi da ƙuruciya ba. Makarantar makafi ta Gindiri ma sai 1953 aka buɗe ta, yana gab da shekara 60. Yanzu akwai Alƙur'ani bugagge da wannan rubutu, sai dai a tsangayunmu na karkara da wuya ka gan shi.

Allah ya nufe shi da aikin Hajji. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na Dokta, shi da bai taɓa ganin harafi ba. Ya rasu a 1990, yana da shekara sama da 90. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, amin.