Labarin Arthur Schawlow, Mai Awo Da Haske

An haifi Arthur Schawlow a Amurka ran 5 ga Mayu, 1921, amma a Toronto ta ƙasar Kanada ya yi girma. Tun yana yaro yana son harhaɗa rediyo, ya kuwa so ya zama injiniya, amma iyayensa ba su da hali. Taimakon karatu da ya samu na lissafi ne da fiziks, sai ya bi wannan hanya.

A 1949 ya tafi aiki wurin Charles Townes. A 1951 ya auri ƙanwarsa, Aurelia. A 1958 su biyu suka rubuta yadda za a yi lesa. Mun san hasken fitila yakan watsu ko'ina. Shawarar Schawlow ita ce a sa madubi biyu suna duban juna, hasken ya riƙa kai da kawowa tsakaninsu yana ƙaruwa, har ya fita siriri, launi ɗaya tak. A 1960 Theodore Maiman ya ƙera lesa ta fari.

Gama hasken nan launinsa tsantsa ne, ya zama ma'auni. A Jami'ar Stanford, Schawlow da Theodor Hänsch suka auna hasken iskar haidirojin da shi, awo mai kyau ƙwarai. Aka ba shi kyautar Nobel a 1981, tare da waɗansu biyu. Yau da lesa likita yake gyaran ido, ita kuma take ɗaukar saƙonninmu ta igiyoyin gilas a ƙarƙashin teku.

Amma akwai nawaya a gidansa. Ɗansa Artie yana da lalurar da ta hana shi magana sosai. Iyayen ba su ɓoye shi ba, ba su kuwa gaji ba. Suka taimaka aka kafa gidan kula da irinsu a garin Paradise, a Kalifoniya. A 1991 Aurelia ta rasu cikin haɗarin mota a hanyar zuwa ganin ɗan. Schawlow ya rasu ran 28 ga Afrilu, 1999.

'Yan'uwa, akwai yara irin Artie a garuruwanmu, waɗansu a kulle cikin ɗaki saboda kunya. Mutumin da duniya ta girmama bai ji kunyar nasa ba. Mu fa, ƙaƙa muke yi da namu?