Marcel Lefebvre: Limamin da ya ƙi rabuwa da Latin

An haifi Marcel Lefebvre a garin Tourcoing na Faransa a shekarar 1905. Ya yi aikin mishan a Gabon, kana ya zama wakilin Paparoma a ƙasashen Afirka renon Faransa, ciki har da Nijar. A 1955 aka naɗa shi Archbishop na Dakar.

A wancan zamani, da harshen Latin ake ibadar Katolika. Limami kan fuskanci bagadi, jama'a na bayansa, yana yin galibin addu'o'in cikin ƙaramar murya.

Babban taron Vatican na 1962 zuwa 1965 ya buɗe ƙofar amfani da harsunan jama'a, sannan a 1969 Paparoma Paul na Shida ya fitar da sabon tsarin ibada. Shi ya sa a yau ake jin wannan ibada da Hausa a arewacin Najeriya, inda yankin Haɗeja ke ƙarƙashin bishop na Kano.

Masu goyon baya na ganin mutum ya fi natsuwa da addu'ar da yake fahimta. Shi kuwa Lefebvre ya ɗauki sauyin a matsayin watsi da gado, wanda zai raunana aƙida.

A 1970 ya kafa ƙungiyarsa a Switzerland. A 1988 ya naɗa bishop huɗu ba da izinin Paparoma ba, aka kore shi daga cocin.

Ya mutu a 1991, amma taƙaddamar ba ta mutu ba: Paparoma Benedict ya sassauta dokar ibadar Latin a 2007, Paparoma Francis ya tsaurara ta a 2021.