Pafnuti Chebishef: Masanin Da Ya Daure Kuskure

An haifi Pafnuti Chebishef a ƙauyen Okatobo na ƙasar Rasha a shekarar 1821. Ya tashi da ɗingishi, wanda ya hana shi guje-guje da tsararrakinsa, sai ya duƙufa ga karatu. Ya shiga Jami'ar Mosko a 1837, daga baya ya koyar a Jami'ar San Fitasbag tun daga 1847 har zuwa 1882.

A 1852 ya ziyarci Faransa da Ingila domin duba masana'antu. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne haɗin sandunan ƙarfe da James Watt ya ƙago wa injin tururi. Ana so sandar injin ta riƙa tafiya a miƙe, amma takan ɗan kauce, kaucewar kuwa na cinye ƙarfe. Tun da kuskure ba ya kawuwa ɗungum, Chebishef ya nemi hanyar rage mafi girmansa.

Amsar da ya fara bayyanawa a 1854 ta dogara ga lissafin aljabara mai gaɓoɓi, wanda masana ke kira folinomiyal. Ya gano cewa tsari mafi inganci shi ne wanda kuskurensa ke kaiwa da komowa, sama da ƙasa, yana taɓa iyaka guda a kowane juyi.

Ga misali, a ɗauki 2x²−1, a bar x tsakanin −1 da 1. A kan −1 yana ba da 1, a kan 0 ya ba da −1, a kan 1 ya koma 1, ba ya taɓa ƙetare wannan shinge. Idan aka zuba shi cikin kansa sai a sami 8x⁴−8x²+1, wanda shi ma ke kai maƙura a waɗannan wurare uku, da ƙarin wasu biyu. Wannan zuri'a ta lissafi da sunansa ake kiranta, kuma injiniyoyi na amfani da ita wajen tace sauti da lissafin kwamfuta.

Bugu da ƙari, shi ya tabbatar da cewa tsakanin kowace lamba da ta wuce 1 da ninkinta akwai lambar da ba ta rabuwa sai da kanta da 1.

Ya rasu a San Fitasbag a 1894, bai taɓa aure ba. Cikin almajiransa akwai Markof da Liyafunof, waɗanda su ma suka shahara.