Eugene Debs, ɗan takarar shugaban ƙasa da jawabin ƙin yaƙi ya kai gidan yari

A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na shekarar 1920, mutum fiye da 900,000 sun kaɗa ƙuri'unsu ga wani ɗan takara da bai fita yawon neman ƙuri'a ko na yini guda ba. A lokacin yana tsare a gidan yarin gwamnatin tarayya da ke birnin Atlanta, ana kiransa da lambar fursuna 9653. Sunansa Eugene Victor Debs, kuma abin da ya kai shi can jawabi ne da ya yi a bainar jama'a yana sukar yaƙi.

An haife shi ranar 5 ga watan Nuwamba, 1855, a garin Terre Haute na jihar Indiana. Iyayensa baƙi ne da suka yi ƙaura daga yankin Alsas na ƙasar Faransa, suka buɗe ƙaramin kanti. Yana da shekara 14 ya bar makaranta ya kama aiki a reluwe, da farko yana kankare tsohon fenti daga jikin taragai, daga bisani ya zama mai zuba kwal a tukunyar kan jirgi. A 1875 ya shiga ƙungiyar masu wannan sana'a, kuma bai daɗe ba ya zama sakatarenta da editan mujallarta. Ya riƙe muƙamin akawun garinsu, sannan a 1884 aka zaɓe shi ɗan majalisar jiha a ƙarƙashin jam'iyyar Demokrat. Har zuwa wannan lokaci mutum ne mai taka-tsantsan wanda ba ya ma son yajin aiki.

Abin da ya sauya shi shi ne ganin yadda kamfanoni ke cin galaba a kan ma'aikata saboda rarrabuwarsu, direbobi da ƙungiyarsu, masu kwal da tasu. A 1893 ya kafa ƙungiya guda ta ma'aikatan reluwe. Shekara guda bayan haka kamfanin Pullman, mai ƙera taragan kwana, ya zabtare albashi amma ya ƙi rage kuɗin hayar gidajen da yake bai wa ma'aikatansa. Ƙungiyar Debs ta ƙaurace wa duk jirgin da ke jan taragon kamfanin, zirga-zirga ta tsaya cik daga Chicago zuwa yammacin ƙasar. Shugaba Grover Cleveland ya tura sojoji da hujjar an hana wasiƙu tafiya, yajin aikin ya wargaje, aka ɗaure Debs wata shida saboda saɓa umarnin kotu. A kurkukun ya duƙufa karatu, kuma a farkon 1897 ya bayyana cewa ya rungumi aƙidar gurguzu. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1900 da 1904 da 1908 da 1912, inda a na ƙarshen ya samu kusan kashi 6 cikin ɗari na ƙuri'u.

Shugaba Woodrow Wilson ya sake cin zaɓe a 1916, magoya bayansa na tinƙaho da cewa ya tsare ƙasar daga faɗawa yaƙin Turai. A watan Afrilun 1917 kuwa sai ga Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, a watan Mayu kuma aka kafa dokar shiga soja ta tilas. A watan Yuni majalisa ta zartar da dokar hana leƙen asiri, wadda ta haramta kawo cikas ga ɗaukar sojoji. A watan Mayun 1918 aka ƙara mata kaifi, ta yadda aibata gwamnati ko tuta ko kakin soja ya zama laifi. Hukumar gidan waya ta daina ɗaukar jaridu da mujallun da ke adawa da yaƙin, wanda a wancan zamani daidai yake da rufe su. Kimanin mutum 2,000 aka gurfanar a ƙarƙashin waɗannan dokoki.

Abin bai tsaya a hannun hukuma ba. Jama'ar gari ma sun ɗauki doka a hannunsu, suna tilasta wa wanda suke zargi ya durƙusa ya sumbaci tuta. A watan Agustan 1917 an rataye wani jagoran ma'aikata mai adawa da yaƙin, Frank Little, a garin Butte na jihar Montana. A Afrilun 1918 wani gungu ya rataye Robert Prager, haifaffen Jamus, a jihar Illinois, kuma kotu ta sallami duk waɗanda aka tuhuma da kisan.

Cikin wannan hali ne Debs, yana da shekara 62 kuma ba ya da cikakkiyar lafiya, ya isa garin Canton na jihar Ohio ranar 16 ga Yuni, 1918. Sai da ya fara ziyartar wasu 'yan jam'iyyarsa uku da ke tsare saboda adawa da dokar shiga soja, sannan ya wuce dandalin taro. Ya shaida wa jama'a tun farko cewa dole ya auna kalamansa. Ya yaba wa waɗanda aka ɗaure, ya kuma ce masu mulki da masu dukiya ne ke ƙulla yaƙi, talakawa kuma su ke mutuwa a fagen daga ba tare da an taɓa jin ra'ayinsu ba. Bai umarci kowa ya ƙi amsa kiran soja ba. Amma akwai mai ɗaukar rubutu da lauyan gwamnati na yankin ya turo, kuma duk da cewa ma'aikatar shari'a a Washington ta nuna shakku kan ko kalaman sun kai a yi ƙara, ranar 30 ga Yuni aka kama shi a birnin Cleveland.

Shari'ar da aka yi a watan Satumba ba ta ɗauki lokaci ba. Debs bai kira shaida ko ɗaya ba, bai kuma musanta kalma guda daga cikin abin da aka ce ya faɗa ba. Ya nemi izini ya yi wa masu taya alƙali yanke hukunci bayani da bakinsa, ya shafe kusan sa'a biyu yana kafa hujja da gyara na farko na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya tabbatar da 'yancin faɗar albarkacin baki. Ya tunatar da su cewa Abraham Lincoln ma ya soki yaƙin da ƙasar ta yi da Meziko lokacin yana ɗan majalisa. Hujjar ba ta yi tasiri ba. Alƙali David Westenhaver ya yanke masa shekara goma.

Ranar 10 ga Maris, 1919, wata huɗu bayan an tsagaita wuta a Turai, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin ba tare da ko alƙali ɗaya ya saɓa ba. Mai shari'a Oliver Wendell Holmes ne ya rubuta shi, yana mai cewa ana iya fahimtar niyyar hana ɗaukar sojoji daga jawabin. Wannan hukunci yana da wuyar karewa, domin ya hukunta mutum ne a kan abin da ake tsammanin kalamansa za su iya haifarwa. Shi kansa Holmes, kafin shekarar ta ƙare, ya saɓa wa abokan aikinsa a wata shari'a makamanciyar wannan, ya goyi bayan waɗanda aka ɗaure saboda raba takardu. Sai a 1969, a shari'ar Brandenburg da jihar Ohio, kotun ta tsayar da ƙa'idar cewa ba a hukunta magana sai idan an yi ta don tunzura aikata laifi nan take, kuma akwai yiwuwar hakan ya faru.

Debs ya shiga gidan yari a Afrilun 1919, da farko a Moundsville ta jihar West Virginia, sannan aka mayar da shi Atlanta. Daga can jam'iyyarsa ta tsayar da shi takara karo na biyar. Bayan zaɓen, ministan shari'a Mitchell Palmer, wanda shi kansa ya yi ƙaurin suna wajen farautar 'yan gurguzu, ya ba da shawarar a sassauta wa dattijon. Wilson ya ƙi, har ya bar mulki yana kallonsa a matsayin maci amanar ƙasa.

Wanda ya sake shi shi ne Warren Harding na jam'iyyar Rifablikan, mutumin da ba abin da ya haɗa aƙidarsa da ta Debs. Bai yafe masa laifin ba, ya dai rage wa'adin zuwa abin da ya riga ya yi. Ranar Kirsimeti ta 1921 Debs ya fito, fursunoni na yi masa sowa ta tagogi, washegari kuma Harding ya karɓe shi a fadar White House. Dubban mutane ne suka tarbe shi a Terre Haute.

Zaman kurkukun ya riga ya ci lafiyarsa. Ya ci gaba da rubutu, musamman kan halin da fursunoni ke ciki, amma bai sake tsayawa takara ba. Ya rasu ranar 20 ga Oktoba, 1926, a wani gidan jinya da ke Elmhurst kusa da Chicago, yana da shekara 70. Gidan da ya zauna da matarsa Katherine a Terre Haute yanzu gidan tarihi ne a harabar jami'ar jihar Indiana.