Hubert Ogunde (1916–1990): Rayuwarsa da Yadda Ya Tafiyar da Ƙungiyar Wasansa

Gabatarwa

Akwai wani nau'in wasan kwaikwayo da ake kira opera, wato wasan da ake isar da labarinsa cikin waƙa da kiɗa maimakon magana zalla. A Nijeriya, wanda ya fara mai da irin wannan wasa sana'ar da ake ci da sha da ita shi ne Hubert Ogunde. Wannan maƙala za ta dubi rayuwarsa, musamman wahalhalun da ke bayan labule, waɗanda ɗan kallo ba ya gani.

Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Ogunde a shekarar 1916 a garin Ososa, kusa da Ijebu-Ode. Mahaifinsa malamin coci ne, kakansa na wajen uwa kuwa bokan Ifa ne. Saboda haka ya tashi da waƙoƙin coci a kunne guda, kiɗan gargajiyar Yarabawa a ɗaya kunnen. Ya fara aikin koyarwa, sa'an nan ya shiga aikin ɗan sanda a 1941. Yana cikin wannan aiki ne wata coci ta Aladura a Ikko ta nemi ya shirya mata wasa don tara kuɗi. Ya shirya The Garden of Eden and the Throne of God, aka nuna shi a zauren Glover a 1944. Karɓuwar da wasan ya samu ita ta ba shi ƙarfin guiwar ajiye kaki, ya kafa ƙungiyarsa mai suna African Music Research Party a 1945.

Bayan Labule

Matsala ta farko da ta fuskance shi ita ce ta 'yan wasa mata. A wancan zamani iyaye ba su yarda 'yarsu ta hau dandali ta yi rawa a bainar jama'a ba, domin ana ganin abin zubar da mutunci ne. Wadda aka samu kuma, da zarar ta ƙware sai aure ya ɗauke ta, a koma neman wata. Hanyar da Ogunde ya bi ita ce auren da yawa daga cikin 'yan wasansa. Ta haka ƙungiya ta zama gida, gida ya zama ƙungiya. Matan su ne mawaƙa, su ne masu rawa, su ne masu kula da tufafin wasa da girki a kan hanya, 'ya'ya kuma suna tashi cikin sana'ar tun suna ƙanana.

Matsala ta biyu ita ce kuɗi. Ƙungiyar ta dogara ne ga abin da aka karɓa a bakin ƙofa. Daga ciki za a biya hayar zaure, da buga takardun talla, da man mota, da abinci, da hakkin ma'aikata. Tun da 'yan kallon gari guda ba su isa su riƙe ƙungiya ba, tilas a yi ta yawo. Akan loda mutane da ganguna da fitilu da labulen dandali a babbar mota, a bi gari gari. Kafin su iso, an riga an aika wanda zai kama zaure ya manna takardu a bango. Idan an sauka, waɗanda za su yi waƙa da dare su ne za su sauke kaya su kafa dandali da rana. Hanyar ma tana da nata haɗari, domin a hatsarin mota ne matarsa Adeshewa, wadda ita ce tauraruwar ƙungiyar, ta rasu a 1970.

Bugu da ƙari, Ogunde ya lura cewa ɗan kallo ba ya sabo da abu ɗaya. A 1947 ya tafi Ingila ya koyo salon rawar Turawa, ya gauraya ta da tasa. Wasanninsa na farko duk waƙa ne, amma daga bisani ya shigo da magana, inda yakan ba 'yan wasa ƙashin bayan labari su ƙawata shi da bakinsu, waƙoƙi kuwa a haddace su.

Karo da Hukuma

Matsala ta uku ita ce hukuma. Wasansa Strike and Hunger ya taɓo yajin aikin gama-gari na 1945, kuma da ya kai shi Jos a 1946 'yan mulkin mallaka suka hana shi, aka ci shi tara. Bread and Bullet kuwa ya yi magana ne kan kisan masu haƙar kwal a Inugu a 1949, shi ma aka hana nuna shi a Kano a 1951. Samun 'yancin kai bai kawo masa sauƙi ba. A 1964 ya nuna Yoruba Ronu, wanda ke jan hankalin Yarabawa su yi wa kansu faɗa. Gwamnatin Akintola ta ɗauka da ita ake, ta haramta wa ƙungiyar wasa a Jihar Yamma baki ɗaya. Wannan horo ya yi tsanani, domin can ne mafi yawan 'yan kallonsa suke, ga kuma baki da yawa da ke jiran abinci daga gare shi. Sai a 1966 Gwamna Fajuyi ya ɗage haramcin.

Ƙarshen Rayuwarsa

A 1967 ya kai ƙungiyarsa bikin baje koli na Montreal a Kanada. Da silima ta fara janye 'yan kallo, sai ya bi su can, ya yi finafinai irin su Aiye da Jaiyesimi. Ya rasu a Landan ran 4 ga Afrilu, 1990.

Kammalawa

Darasin da rayuwar Ogunde ke bai wa mai nazarin wasan kwaikwayo shi ne, baiwa kaɗai ba ta riƙe ƙungiya. Sai an haɗa ta da tattali, da iya zama da mutane, da jimirin fuskantar masu mulki. Da waɗannan ne ya riƙe tasa fiye da shekara arba'in.